Ƙasar da Ta Daina Ɗaure Mashaya: Nazari Kan Dokar Ƙwaya ta Fotugal

A ƙarshen shekarun 1990 akwai wata unguwar talakawa a gefen tudu a Lisbon, babban birnin Fotugal, da ake kira Casal Ventoso. Gidaje ne a cunkushe, lungu na bin lungu, wasu ma bukkokin katako da kwano ne. An ƙiyasta cewa mutum kusan dubu biyar ke hawa wannan tudu kowace rana domin sayen hiroyin. Suna bin layi da rana tsaka kamar masu jiran mai a gidan mai. Wanda ya samu nasa sai ya tsuguna a gindin bango, ya ɗaure damtse, ya nemi jijiya. Wanda jijiyoyin hannunsa suka mutu sai ya koma ƙafa ko wuya. Sirinjin da aka yi amfani da su na zube a ƙasa, wani ya yar wani ya ɗauka. Da yawa sun daina komawa gida, nan suke kwana, jikinsu duk gyambo.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da shan ƙwaya yake laifi a Fotugal. Dokar 1993 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wata uku ga mai sha, ko shekara guda idan abin da aka kama shi da shi ya wuce na kwana uku. 'Yan sanda na kai samame, kotuna na yanke hukunci, gidajen yari sun cika. Sama da kashi 40 cikin ɗari na fursunonin da aka yanke wa hukunci a lokacin, laifin ƙwaya ne ya kai su. Layin Casal Ventoso kuwa bai ragu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Fotugal ta shafe sama da shekara arba'in a kulle ƙarƙashin mulkin kama-karya na Salazar da magajinsa Caetano. Guguwar shaye-shayen da ta ratsa Turai da Amurka a shekarun 1960 kusan ba ta taɓa ta ba. Sai ga juyin juya halin 25 ga Afrilu 1974, ƙofofi suka buɗe lokaci guda. Sojoji suka dawo daga yaƙin Angola da Mozambik da Gini Bisau, Turawan da ke zaune a waɗannan ƙasashe su ma suka kwararo gida su dubu ɗaruruwa, wasu da tabar wiwi a kayansu. Matasa suka ɗauki shan wiwi a matsayin alamar 'yanci. Da hiroyin ta iso a shekarun 1980, ta tarar da al'ummar da ba ta san ta ba, ba ta san bambancinta da wiwi ba, kuma ba ta da asibitocin da za su karɓi wanda ya kamu. Kafin ƙarshen shekarun 1990, kimanin mutum dubu ɗari ne ke shan hiroyin a ƙasar da jama'arta kimanin miliyan goma ne. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane ɗari. Fotugal ta zama ta ɗaya a Tarayyar Turai wajen yawan masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allurar ƙwaya.

Akwai wani abu a nan da nake ganin shi ne ya ba wa 'yan siyasa ƙarfin halin da suka yi daga baya. Annobar ba ta tsaya a unguwannin talakawa ba. Ta shiga gidan lauya, ta shiga gidan likita da na ɗan majalisa. Da wuya a sami dangin da ba su da nasu. Uwar da ɗanta ke sace mata sarƙa don ya sayi hiroyin ba ta kallonsa a matsayin mai laifin da ya kamata a jefa kurkuku, tana kallonsa a matsayin ɗanta da ba shi da lafiya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da irin waɗannan iyaye suka yi yawa har a cikin masu faɗa a ji, sai maganar ta sauya salo.

Abin da dokar ta ce

A 1998 gwamnatin Antonio Guterres, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin masanin kimiyya Alexandre Quintanilha. Cikin mambobin akwai João Goulão, likitan iyali da ya fara aiki a yankin Algarve na kudancin ƙasar, wanda bai karanci fannin shaye-shaye ba, yawan marasa lafiyar da ke zuwa masa ne ya koya masa. Gwamnati ta karɓi shawarwarin kwamitin a 1999 kusan yadda suke. Majalisa ta zartar da doka mai lamba 30 ta shekarar 2000, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2001.

Mutane da yawa na cewa Fotugal ta halatta ƙwaya. Ba ta halatta ba. Har gobe haramun ne a dokar ƙasar mutum ya mallaki wiwi ko hodar iblis ko hiroyin. Ɗan sanda zai ƙwace ta idan ya gan ka da ita. Dillali kuwa kotu zai je, kuma ɗaurin fataucin ƙwaya na iya kai shekara goma sha biyu, har ya wuce idan laifin ya yi muni. Abin da aka sauya shi ne matsayin mai sha: an cire laifinsa daga sahun laifuffukan da ake kai wa gaban alƙali, aka mayar da shi irin na karya dokar hanya. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne abin da mutum zai sha cikin kwana goma: giram ɗaya na hiroyin, giram biyu na hodar iblis, giram 25 na ganyen wiwi, giram biyar na daskararren ƙaronta.

Wanda aka kama da abin da bai wuce haka ba, takarda ake ba shi, a ce ya bayyana cikin kwana uku gaban wani kwamiti da sunansa ke nufin kwamitin janye mutum daga jarabar ƙwaya. Kowace gunduma cikin gundumomi 18 na ƙasar tana da nata. Nan ne zuciyar tsarin, don haka bari mu shiga ɗakin.

Ofis ne kamar kowane ofis, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya yake, ba ta Shari'a ba. Babu akwatin tsayuwar wanda ake tuhuma, babu alkyabbar alƙali, babu ankwa. Kafin mutum ya ga kwamitin, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a ko masanin halayyar ɗan Adam zai zauna da shi su yi hira. Me kake sha? Tun yaushe? Sau nawa a mako? Kana aiki ko karatu? Da wa kake zaune? Iyayenka sun sani? Daga nan sai a shiga da shi gaban mambobi, waɗanda doka ta ce su zama uku: masanin shari'a ɗaya, sauran biyun daga likitoci, masana halayya ko ma'aikatan jin daɗin jama'a. A teburi ɗaya ake zama. Tambayar da suke son amsarta ita ce: wannan mutumin ya kamu ne, ko kuwa ɗan taɓawa yake yi?

Mafi yawan waɗanda ake kawowa samari ne da aka kama da wiwi, kuma ba su kamu ba. Irin waɗannan, idan karon farko ne, sai a jingine maganar, a yi musu bayanin haɗarin abin da suke sha, a sallame su. Idan ba a sake kama mutum ba cikin wa'adin da aka ɗiba, an rufe fayil. Babu abin da zai shiga takardar shaidar halinsa, don haka ranar da zai nemi aiki ba za ta tashi ta tare masa hanya ba. Idan ya sake dawowa, kwamitin na da sanda a hannu: tara, aikin gayya ga al'umma, hana shi zuwa wasu wurare ko hulɗa da wasu mutane, umartarsa ya riƙa kai kansa wani ofis lokaci-lokaci, har da dakatar da lasisin sana'arsa.

Wanda ya kamu kuwa, doka ta hana a ci shi tarar kuɗi. Hikimar a fili take: mutumin da jaraba ta riga ta cinye masa aljihu, in ka ce ya kawo kuɗi, ka aike shi sata ne. Abin da ake yi masa shi ne tayin magani, kuma ba dole. Sau da yawa tun yana zaune za a ɗaga waya a nema masa ranar ganin likita. Yana iya cewa a'a. Idan aka sake kawo shi, a sake yi masa tayin.

Dokar ba ita kaɗai ta zo ba, kuma wannan ne masu ba da labarin Fotugal suka fi mantawa. An faɗaɗa cibiyoyin magani a duk faɗin ƙasar, irin cibiyar Taipas da aka buɗe a Lisbon tun 1987. An ƙarfafa shirin musayar sirinji da aka fara a 1993, inda mai allura zai kai tsohon sirinji kantin magani a ba shi sabo kyauta. An fito da wani shiri da gwamnati ke biyan wani ɓangare na albashin wanda ya bar shaye-shaye idan wani mai gareji ko mai shago ya ɗauke shi aiki. Sannan ga motocin metadon. Metadon magani ne da ake sha, mai kashe ƙishirwar hiroyin na tsawon yini ba tare da ya bugar da mutum yadda hiroyin ke yi ba. A Lisbon ƙungiyar Ares do Pinhal ce ke yawo da waɗannan motoci. Motar kan tsaya a wurare sanannu a lokuta sanannu, kowace rana har ranar hutu. Mutum zai zo taga ya faɗi lambarsa, ma'aikaciyar jinya ta duba kwamfuta, ta zuba masa nasa a ɗan kofi, ya shanye a gabanta, ya wuce wurin aikinsa. Wanda ke shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau a nan zai karɓa tare. Sama da mutum dubu ke bi ta waɗannan tagogi a rana.

Shin shan ya ragu?

Lokacin da ake muhawarar dokar, shugaban wata jam'iyyar adawa ta masu ra'ayin riƙau, Paulo Portas, ya yi gargaɗin cewa jirage za su riƙa sauke ɗaliban Turai a gaɓar tekun Algarve don su sha abin da suka ga dama, tunda sun san ba mai ɗaure su. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyoyin ƙwaya ita ma ta nuna rashin jin daɗinta. Jiragen ba su zo ba. Hukumar kuma daga baya ta dawo tana yaba tsarin.

Amma gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: yawan masu taɓa ƙwaya bai faɗi ba saboda dokar. Binciken da ƙasar ke yi lokaci-lokaci ya nuna cewa manyan da suka ce sun taɓa shan wata haramtacciyar ƙwaya a rayuwarsu sun kai kashi 7.8 cikin ɗari a 2001. A 2007 suka kai 12, a 2012 suka sauko zuwa 9.5, a 2022 suka koma 12.8. Hawa da sauka ke nan, galibinsa na wiwi, kuma irinsa aka gani a ƙasashe kamar Sifaniya da Italiya a waɗannan shekaru. Duk da haka Fotugal na ƙasa da matsakaicin Turai. Masu goyon bayan dokar kan ɗauki shekarun saukar su yi ta shela, masu adawa su ɗauki na hawan. Duka ɓangarorin biyu na zaɓen abin da ya yi musu daɗi ne.

Ni abin da na karanta a waɗannan alƙaluma shi ne, barazanar ɗauri ba ita ke riƙe da mutane ba tun farko. An ɗauke ta, ba a ga ambaliya ba. Tana nan a da, ba ta hana mutum dubu ɗari kamuwa ba. Kuma ba Fotugal kaɗai ke nuna haka ba. A 2014 Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, wadda ita kanta ke aiwatar da doka mai tsauri, ta kwatanta ƙasashe da dama, ta ce ba ta ga wata alaƙa bayyananniya tsakanin tsananin hukunci da yawan shan ƙwaya ba. Amurka ta fi kowace ƙasar Yamma ɗaure mutane kan ƙwaya, kuma tana cikin na gaba-gaba wajen sha. Saurayin da abokinsa ya miƙa masa naɗin farko ba ya lissafin sashe na nawa na doka ya taka. Wanda ya riga ya kamu kuwa, ciwon da ke jiransa gobe da safe idan bai samu ba ya fi kusa da shi fiye da kowane alƙali.

Inda aka ga sauyi na haƙiƙa shi ne a lissafin gawa da na cuta. Sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura sun haura dubu a 2001. Zuwa 2012 ba su kai sittin ba. Waɗanda ƙwaya ta kashe kai tsaye sun kusan tamanin a 2001, suka koma ƙasa da ashirin a 2012. Masu shan hiroyin sun ragu da kusan rabi cikin shekara goma, kuma akasarin waɗanda suka rage suna karɓar magani. Kason fursunonin ƙwaya ya sauko daga sama da kashi 40 zuwa kusan 21 a 2012, ya ƙara sauka bayan haka. Waɗannan ba lambobi ne kawai ba a wurina. Kowane ɗaya ɗan wani ne da aka yi tsammanin za a binne, sai ga shi ya kai shekara hamsin yana tuƙa mota ko yana gyaran famfo.

A nan ma sai an yi adalci. Wasu masu bincike sun nuna cewa tun kafin 2001 ba kasafai ake ɗaure mutum don sha kawai ba, yawancin fursunonin ƙwaya ƙananan dillalai ne da ke sayarwa don su sami na sha. Annobar hiroyin kuma ta fara lafawa a wasu ƙasashen Turai a daidai wannan lokaci. Saboda haka ba wanda zai iya ware kason da dokar ta kawo daga kason da magani ya kawo. Goulão da kansa ya sha nanata cewa cire hukunci shi kaɗai ba magani ba ne. Amfanin da ya yi shi ne ya cire tsoro. A da, mashayi na gudun asibiti don kada sunansa ya kai ga 'yan sanda. Ma'aikacin lafiya da ke raba sirinji yana aiki ne a bakin gaɓar doka. Uwa na ɓoye ɗanta har sai ya mutu a ɗaki. Da aka ce ba mai ɗaure shi, sai mutane suka fito. Da suka fito kuma suka tarar da ƙofa a buɗe, da likita a ciki. Da sun tarar da ita a rufe, da wani labarin ake yi.

An ga hakan a jihar Oregon ta Amurka. A Nuwamba 2020 masu zaɓe suka amince da cire hukuncin laifi kan mallakar ƙwaya kaɗan, suna ambaton Fotugal. Tsarinsu shi ne a ba mutum takardar tarar dala ɗari, wadda za a yafe idan ya kira wata lambar waya ta neman taimako. Kaɗan ne ƙwarai suka kira. Babu kwamitin da zai zauna da mutum ido da ido, kuɗin magani ya makara wajen isa, ga fentanil, ƙwayar da ta fi hiroyin ƙarfi nesa ba kusa ba, ta shigo jihar a daidai lokacin. A 2024 majalisar jihar ta mayar da hukuncin.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dokar hukumar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin, kuma wani bincike na 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Ghana kuwa a 2020 ta mayar da hukuncin mallaka don sha zuwa tara a maimakon ɗauri. Duk wanda zai kawo misalin Fotugal a wannan muhawara, ko don goyon baya ko don suka, ya kamata ya fara da ƙirga gadajen magani da ke jiharsa.

Tsugune ba ta ƙare ba

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 2011 tattalin arzikin Fotugal ya durƙushe, ta karɓi bashin ceto na yuro biliyan 78 bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu. A 2012 aka rushe hukumar da ke riƙe da harkar ƙwaya gaba ɗayanta, aka bar wata ƙaramar hukuma mai tsara manufofi, aka rarraba cibiyoyin magani ga hukumomin lafiya na yankuna, waɗanda ke da nasu matsalolin da suka fi damunsu. Ma'aikata suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Shirin samar da aiki ya raunana, ƙananan kamfanonin da suka ɗauki tsofaffin mashaya suka rufe. Mutanen da suka shekara goma ba su taɓa allura ba, wasunsu suka koma. Wanda a da ake ba shi ranar ganin likita cikin kwanaki, ya koma jiran watanni. Kwamiti kuwa in ya tura mutum magani alhali babu gurbi, hira kawai aka yi.

Sakamakon ya fito a titi. Mace-mace sun sake hawa zuwa wajen saba'in a shekara a farkon shekarun 2020, ko da yake har yanzu suna ƙasa sosai da na yawancin Yammacin Turai. A birnin Porto, bayan an rushe dogayen benayen unguwar Aleixo inda ake cinikin ƙwaya, kasuwar ta watsu zuwa unguwar Pasteleira da kewayenta. Mazauna suka fara tarar da masu allura a bakin ƙofofinsu da hanyar makarantar 'ya'yansu. Magajin garin na lokacin, Rui Moreira, ya nemi a mayar da sha a bainar jama'a laifi, musamman kusa da makarantu. Ban ga laifin iyayen da suka yi wannan kuka ba. Tausayin mashayi bai kamata ya zama an bar yaro ɗan shekara bakwai yana tsallake sirinji a hanyarsa ta zuwa aji ba, kuma 'yan sanda da yawa sun gaji da rubuta takardar da suke ganin ba ta kai ko'ina.

Abin lura shi ne, ko a wannan yanayi babu wata babbar jam'iyya da ta yi yunƙurin soke dokar 2000. Gwamnatocin dama da na hagu sun zo sun wuce, ta tsaya. A 2023 ma majalisa faɗaɗa ta ta yi: ta shigar da sababbin ƙwayoyin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda suka addabi tsibiran ƙasar na Madeira da Azores, ta kuma ce wuce ma'aunin kwana goma alama ce kawai ta fatauci, ba hujja ba, sai an tabbatar. A farkon 2024 aka gyara kuskuren 2012, aka sake haɗa tsara manufa da cibiyoyin magani a ƙarƙashin hukuma guda mai suna ICAD, aka ba Goulão shugabancinta.

Casal Ventoso dai an rushe ta tun wajen 1999, aka mayar da mazaunanta sababbin gidaje a gindin tudun, a kwarin Alcântara. Cinikin bai bar yankin gaba ɗaya ba. Tun 2001 doka ta ba da damar buɗe ɗakunan da mashayi zai sha abinsa a gaban ma'aikacin jinya, amma sai da aka shekara goma sha takwas kafin a fara da wata mota a Lisbon a 2019. Na dindindin na farko an buɗe shi a 2021, a nan kwarin Alcântara, Porto ta bi baya a 2022. A na Lisbon akwai ɓangaren masu allura da na masu zuƙa, akwai wurin wanka da na wanki, akwai maganin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Wasu daga cikin masu zuwa sun haura shekara hamsin, kuma tun suna samari suke hawa wancan tudun.